Mata da arzikin ruwa: daga gaɓar teku zuwa madatsar Jibiya

A cikin shekaru ashirin da suka gabata, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin raya ƙasa sun mayar da hankali ga wani salo na yaƙi da talauci a garuruwan bakin teku, wato koya wa mata iyo da nutso, tare da damƙa musu amanar kula da ruwan da suke cin abinci a cikinsa. Daga tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu zuwa Zanzibar da Gambiya, an ga inda wannan salo ya yi tasiri, an kuma ga inda ya gamu da cikas.

Garin Jibiya na jihar Katsina, wanda ke kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, yana da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga teku. To amma yana da madatsar ruwa, yana da masunta, yana kuma da mata masu yawa da tukunyarsu ta dogara ga kifin da ake fitarwa daga wannan ruwa. Shi ya sa tambayar da ake yi a bakin teku ta shafi Jibiya kai tsaye: shin wa ke da ta cewa a kan ruwa, kuma mene ne rabon macen da ke aikin kifi amma ba ta taɓa taka jirgin su ba?

Ruwa ɗaya, ƙasa biyu

Madatsar ruwa ta Jibiya, wadda aka gina a kan kogin Gada a ƙarshen shekarun 1980, tana ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tsawon bangonta ya haura kilomita 3 da rabi, tsayinsa kuma ya ɗara mita 20, an kuma tsara ta ne domin ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 142. Da yake ƙasar wurin rairayi ce mai shanye ruwa, sai da injiniyoyi suka lulluɓe fuskar bangon da wata shimfiɗar roba mai hana yoyo. Manufar ginin ita ce samar da ruwan sha da kuma noman rani a fili mai faɗin kimanin hekta 3,500. Kamun kifi ya biyo baya ne, kamar yadda yakan faru a duk inda ruwa ya kwanta.

Shi dai kogin Gada ba ya gudana sai na kimanin wata huɗu a shekara. Idan ya wuce Jibiya sai ya tsallaka cikin Nijar, inda sunansa ke komawa Gulbin Maraɗi. A can yakan bi ta yankin Madarunfa, ya ratsa gefen birnin Maraɗi, sannan ya karkata yamma ya sake shigowa Najeriya ta jihar Sakkwato, ya haɗu da kogin Rima. Tafkin Madarunfa, wanda ya yi suna saboda kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa, yana daga cikin manyan wuraren su na jihar Maraɗi, kuma a shekarar 2019 aka shigar da shi jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Ma'anar wannan ita ce, abin da aka yi wa ruwa a Jibiya yakan bayyana a Madarunfa da Maraɗi. Tun bayan gina madatsar, ambaliyar da ta saba jiƙa fadamun Gulbin Maraɗi ta ragu, lamarin da ya daɗe yana cikin batutuwan da ƙasashen biyu ke tattaunawa. A watan Yulin 1990, Najeriya da Nijar suka sanya hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan koguna huɗu da suka haɗa su, ciki har da Gada da Gulbin Maraɗi, aka kuma ɗora alhakin bin diddiginta a kan Hukumar Haɗin Gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai. Sai dai irin waɗannan yarjejeniyoyi sun fi magana a kan yawan ruwa da noman rani, ba a kan masu soya kifi a bakin tasha ba.

Namiji a ruwa, mace a bakin murhu

A ƙasar Hausa, su sana'ar maza ce. Namiji ne ke tuƙa kwale-kwale, ya jefa birgi, ya kafa taru, ya ɗana mali ko mamari, ya fito da tarwaɗa da ƙarfasa da ragon ruwa. Sarkin Ruwa, wanda al'ada ta ba shi ikon tsara yadda za a yi su, shi ma namiji ne. Hatta babban cinikin bandar kifi, irin wanda ake loda wa motoci zuwa manyan kasuwanni, galibi a hannun maza yake.

Aikin mata yana farawa ne bayan kifi ya hau tudu. Su ne ke fafe shi, su wanke, su barbaɗa gishiri da yaji, su soya ko su ƙyafe. Da yawa daga cikinsu a cikin gida suke wannan aiki, 'ya'yansu mata kuma su ɗauki faranti su nufi kasuwa ko tashar mota, irin ta Magama, inda matafiya da direbobi ke jiran a duba takardunsu kafin su tsallaka zuwa Ɗan Isa. Jarin irin wannan mace bai taka kara ya karya ba, sau da yawa daga adashi yake fitowa, ko kuma ta karɓi kifi bashi da safe ta biya da yamma. Amma daga wannan 'yar riba ake sayen sabulu da magani da kayan ɗakin 'ya mace.

Wannan tsari ba na ƙasar Hausa kaɗai ba ne. Wani babban bincike da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta wallafa a 2023 tare da haɗin gwiwar jami'ar Duke ta Amurka da cibiyar WorldFish, ya nuna cewa ƙananan masunta ne ke samar da aƙalla kashi 40 cikin 100 na kifin da ake kamawa a duniya. Binciken ya ƙiyasta cewa mata kimanin miliyan 45 ne ke cikin wannan harka, wato huɗu daga cikin kowane mutum goma, kuma a fannin sarrafawa da sayarwa sun kai kusan rabi. Duk da haka ba kasafai sunayensu ke shiga rajistar hukuma ba, domin akasarin ƙasashe masu jirage da masu raga kawai suke ƙidayawa. Wanda ba a ƙidaya ba kuwa, ba a tunawa da shi ranar rabon rance, ba a kuma kiransa ranar da za a kafa doka.

Ga Najeriya, batun ya wuce na adalci kawai. Alƙaluman da hukumomi suka sha bayarwa sun nuna cewa ƙasar na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3 da dubu 600 a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce sulusin haka da yawa ba, sauran kuwa daga ƙetare ake shigo da shi. Duk kifin da ya ruɓe a bakin madatsa saboda rashin ƙanƙara ko ingantaccen murhu, asara ce a kan wannan giɓi.

Matan da ke nutso

A ƙarshen shekarar 2016, kwamitin hukumar UNESCO mai kula da al'adun gargajiya ya yi zama a birnin Addis Ababa, inda ya amince da bikin kamun kifi na Argungu a matsayin al'adar da duniya za ta adana. A wannan zama ɗin ne kuma aka amince da wata al'adar ruwa ta daban, wato ta matan tsibirin Jeju da ake kira Haenyeo. A Argungu maza ne ke faɗawa kogin Matan Fada da koma da gora. A Jeju kuwa mata ne ke nutsawa cikin teku, har zuwa zurfin mita 10, ba tare da tukunyar iska ba, suna riƙe numfashi na kimanin minti ɗaya, su tsinto dodon koɗi da sauran halittu masu tsada daga ƙarƙashin ruwa.

Abin da ya ja hankalin masana game da matan Jeju ba jarumtarsu ce kaɗai ba. Kowane ƙauye yana da ƙungiyarsa, wadda ke da haƙƙin cin moriyar yankin tekun da ke gabansa. Ƙungiyar ce ke yanke ranakun shiga ruwa, da girman abin da ya halatta a ɗauka, da watannin da za a ƙyale halittun su hayayyafa. Rashin amfani da tukunyar iska ma wani nau'in kiyayewa ne, domin wadda numfashinta ke iyakance ta ba za ta iya share ƙasan teku a yini ɗaya ba. Sai dai al'adar na ja da baya. Daga sama da mata dubu 14 a 1970, yawansu ya faɗi ƙasa da dubu 3 a 2023, fiye da rabinsu kuma sun haura shekara 70, saboda 'yan matan zamani sun fi son aikin da ba shi da wannan wahala.

A can ƙasar Papuwa Niyu Gini kuwa, salon na zamani ne. Ƙungiyar Sea Women of Melanesia, wadda Naomi Longa da Evangelista Apelis suka kasance cikin jagororinta a 2021, tana koya wa 'yan matan ƙauyuka nutso da kayan zamani, da ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa, da ƙidayar kifi da auna lafiyar murjani. Murjanin da matan Hausa suka sani a wuya da hannu, a cikin teku halitta ce mai rai, wadda ke gina tuddai da kifi ke fakewa yana hayayyafa a cikinsu. Bayanan da 'yan matan ke tattarawa su ne ake kai wa dattawan gari domin a shata wuraren da za a hana su. A 2021 Hukumar Kare Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ƙungiyar babbar lambar yabonta ta gwarzayen kare doron ƙasa.

A nan nutson hanya ce kawai. Abin da ya sauya matsayin waɗannan mata shi ne sun zama masu riƙe da sanin abin da ke cikin ruwa, kuma mai wannan sani ba a yanke shawara a bayan idonsa.

Darasin Gambiya da Madagaska

Misalin da ya fi kusa da ƙasar Hausa yana Gambiya, kuma babu nutso mai zurfi a cikinsa. A dausayin Tanbi da ke gefen birnin Banjul, mata sun daɗe suna shiga ƙananan jirage suna ɓamɓaro kawa daga saiwoyin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Aiki ne mai hatsari da ƙarancin riba, kuma saboda kowa na rige-rigen samun nasa, sai aka riƙa sare saiwoyin ɗungurungum, ana kwashe kawa tun ba ta ƙosa ba.

A 2007 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai suna Fatou Janha Mboob ta fara haɗa kan matan a ƙarƙashin ƙungiyar TRY. Daga mata kimanin 40, ƙungiyar ta bunƙasa zuwa sama da 500 daga garuruwa 15. A 2012 gwamnatin Gambiya ta rattaba hannu a kan wani tsari da ya ba ƙungiyar keɓantaccen haƙƙin ɗibar kawa a dausayin mai faɗin kimanin hekta 6,300, matakin da ake ɗauka a matsayin irinsa na farko ga wata ƙungiyar mata a Afirka kudu da Sahara. Su kansu matan ne suka amince a rufe ruwan na wata takwas a shekara, a buɗe shi daga Maris zuwa Yuni kawai, suka kuma hana ɗaukar ƙananan kawa da sare saiwoyi. Kawar ta ƙara girma, farashinta ya tashi, a wannan shekarar kuma ƙungiyar ta samu lambar yabo ta Equator daga Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Dalilin nasarar a bayyane yake. Babu wanda zai haƙura da kamun yau domin amfanin gobe, matuƙar bai tabbata cewa goben tasa ce ba. Da takardar haƙƙi ta shiga hannun matan, sai haƙurin ya zama jari.

A kudu maso yammacin Madagaska, mutanen ƙauyen Andavadoaka sun gwada irin wannan a 2004, inda suka rufe wani yanki na tekunsu na 'yan watanni domin wata halitta mai hannuwa takwas da suke sayarwa ta samu ta girma. Binciken da aka wallafa a 2015 kan irin waɗannan rufe-rufe guda 36 ya gano cewa abin da ake kamawa a watan farko bayan buɗewa ya ninka sau bakwai ko fiye. To sai dai an lura da wata matsala. Duk da cewa mata ne suka fi yin wannan sana'a a ruwa mara zurfi, a wurare da dama maza ne suka riƙa zaɓen wurin da za a rufe da ranar buɗewa, kuma da riba ta bayyana sai suka yi dafifi a ciki. Wannan ya nuna cewa dokar kiyaye ruwa na iya yin kyau a kan takarda, amma ta ƙara tura mace baya idan ba ta cikin masu tsara ta.

Iyo a cikin sutura

Akwai masu ganin cewa batun shigar mata ruwa ba zai karɓu a tsakanin al'ummar Musulmi ba. Abin da ya faru a Zanzibar, inda kusan dukkan mazauna Musulmi ne, ya ba da wata amsa. Tun 1989 ake noman ciyawar teku a tsibiran domin sayarwa ƙetare, kuma aƙalla kashi 80 cikin 100 na manoman mata ne, waɗanda suka saba aiki a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Da ɗumamar yanayi ta sa ruwan gaɓa ya yi zafi, nau'in ciyawar da ya fi tsada ya fara mutuwa, sai masana irin su Dokta Flower Msuya suka ba da shawarar a koma ruwa mai zurfi da sanyi. Nan ne aka tarar cewa mafi yawan matan, duk da an haife su a bakin teku, ba su iya iyo ba.

Wata ƙungiya mai suna Panje ta ɗauki gabarar koyar da iyo a arewacin tsibirin Unguja. Ba ta yi jayayya da al'ada ba. Ta nemi amincewar iyaye da malamai da shugabannin gari, ta samar da kayan iyo masu rufe jiki daga kai har ƙafa, ta kuma horar da mata su zama masu koyar da 'yan uwansu mata. A ƙauyen Jambiani kuma, wasu matan da suka koyi iyo sun koma noman soson teku, wanda ya fi ciyawar kawo kuɗi.

A arewacin Najeriya, buƙatar iya iyo ta fi shafar rai fiye da sana'a. A ƙarshen watan Nuwamban 2021, wani jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai a jihar Kano, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Afrilun 2022 da kuma watan Mayun 2023, jirage sun kife a ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato, kuma da yawa daga waɗanda suka rasu 'yan mata ne da suka fita neman itacen girki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum dubu 300 ne ruwa ya ci a faɗin duniya a 2021, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Yayin da yawan mace-macen, idan aka kwatanta da yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya tun daga shekarar 2000, a Afirka da kashi 3 kacal ya ragu.

Ita ma Jibiya ta ɗanɗana ɗacin ruwa. A tsakiyar watan Yulin 2018, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya haddasa ambaliya cikin dare, wadda ta hallaka mutum fiye da 40, ta rusa ɗaruruwan gidaje, wasu gawawwakin ma sai a cikin Nijar aka tsinto su. Gaskiya ne cewa iya iyo ba ya tare irin wannan ambaliya. Maganinta shi ne magudanai da gargaɗin gaggawa da kauce wa gini a kan hanyar ruwa. Amma a hatsarin jirgi, ko zamewar ƙafa wajen wanki da ɗibar ruwa, 'yan mintunan da mutum zai iya yi a saman ruwa kafin agaji ya iso su ne ke raba rayuwa da mutuwa.

Me zai yi aiki a Jibiya?

Ba duk abin da aka yi a bakin teku ne za a iya kwafowa ba. Ruwan madatsa gurɓatacce ne da laka, ba a ganin komai a ƙarƙashinsa, babu murjani, babu kuma 'yan yawon buɗe ido da za su biya kuɗin nutso. Haka nan ruwan da ke kwance yakan ɗauki cutar tsargiya, saboda haka duk wani shirin koyar da iyo sai ya tafi tare da gwaji da magani. Amma akwai abubuwa huɗu da darussan suka nuna za su iya karɓuwa.

Na farko shi ne ƙidaya da rajista. Matuƙar ba a san yawan matan da ke soya kifi da ƙyafe shi a garuruwan da ke kewaye da madatsar ba, babu yadda za a yi tallafi ya kai gare su. Ƙungiyoyin adashi da suke da su tuni za su iya zama tushen ƙungiya mai rajista, wadda za ta iya karɓar rance, ta sayi kifi da yawa a farashi mai sauƙi.

Na biyu shi ne kujera a wurin yanke shawara. Hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin a Argungu al'ada ta hana su a wuraren da aka keɓe wa biki har sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa, ta kuma ba hukumomi ikon ƙayyade irin ragar da za a yi amfani da ita da lokutan rufe ruwa. A tafkin Kainji, wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus a shekarun 1990 ya bi ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa wajen yaƙi da tarun dala mai ƙananan idanu, wanda ke kwashe 'ya'yan kifi. A nan mata na da wani ƙarfi da ba a cika lura da shi ba, domin su ne masu saye. Idan masu suya suka haɗa baki suka ƙi karɓar ƙananan kifi, mai ragar da ke kama su zai rasa kasuwa. Haka kuma su ne za su fi sanin yadda girman kifi ke raguwa daga shekara zuwa shekara, tunda ta hannunsu yake bi. Littafi da ma'auni a hannun irin wannan mace na iya yin aikin da kyamara ke yi a hannun mai nutso a Papuwa Niyu Gini.

Na uku shi ne murhu. Ƙyafe kifi a kan buɗaɗɗiyar wuta yana cin itace, yana cutar da ido da huhu, yana kuma barin sinadarai masu illa a jikin kifin. Tun 1969 aka ƙirƙiro murhun Chorkor a Ghana, wanda ake jera faifan raga hawa-hawa a kansa domin wuta ɗaya ta gasa kifi mai yawa. Daga baya FAO ta samar da wani ingantacce a Senegal, mai suna Thiaroye, wanda ke raba kifi da harshen wuta. A cikin Najeriya ma, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan murahu. A yanki irin Jibiya, inda hamada ke matsowa, shiga daji neman itace kuma ya zama kasada, rage cin itace kiyaye muhalli ne, kiyaye rai ne kuma.

Na huɗu shi ne iyo da rigar kariya, bisa salon Zanzibar, wato mata su koyar da mata, a keɓantaccen wuri, cikin cikakkiyar sutura, da yardar iyaye da malamai.

Iyaka da tsaro

Babban ƙalubalen shi ne, tattalin arzikin Jibiya ya rataya ne a kan iyaka, ita kuwa ta sha rufewa. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kuma duk da an buɗe wasu a ƙarshen 2020, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai a watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar ranar 26 ga watan Yulin 2023, an sake rufe ta a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar ECOWAS, har zuwa watan Maris na 2024. A duk lokacin da motoci suka daina wucewa, mai farantin kifi a bakin tasha na cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu, kuma jarinta ba ya jure wata guda babu ciniki.

Ga kuma matsalar 'yan bindiga, wadda ta raba dubban mutanen ƙauyukan yankin da gidajensu, ta bar mata da yawa da zawarci da marayu. A 2021 gwamnatin jihar Katsina ta ɗauki tsauraran matakai da suka haɗa da rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, da hana motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na tsawon watanni. Ga macen da aka koro daga gonarta, ƙaramar sana'a irin suyar kifi na daga cikin 'yan ƙofofin da suka rage a buɗe, abin da ke ƙara yawan hannuwan da ke jiran kifin ruwa ɗaya.

A ɓangaren hukuma, a 2023 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar kula da harkokin teku da arzikin ruwa, daga baya kuma aka mayar da sashen kifi ƙarƙashinta. Ko da yake hankali ya fi karkata ga tashoshin jiragen ruwa na kudu, babban kaso na kifin da Najeriya ke kamawa daga koguna da tafkuna da madatsu yake fitowa. Haka nan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, an tsara shi ne ya bi ta Jibiya, lamarin da ka iya buɗe wa kifin yankin manyan kasuwanni. Sai dai kasuwa mai faɗi takan ƙara matsin lamba a kan ruwa, idan babu dokar da ke kare shi.

Abin da Jeju da Banjul da Zanzibar suka nuna shi ne, ruwa ya fi samun kariya a inda aka amince da waɗanda abincinsu ke cikinsa a matsayin masu haƙƙi. A Jibiya da Madarunfa, inda harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, kogi ma ɗaya ne, matan da ke bakin murhu suna cikin waɗannan masu haƙƙi. Abin da ya rage shi ne ko hukumomin ƙasashen biyu, da sarakunan ruwa, da mazajen da ke riƙe da jirage, za su matsa musu wuri a kan tabarmar shawara.